Gwaggo Ba Ta Taɓa Tsallaka Ganuwa Ba

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gida muna karɓar gaisuwar Gwaggo, yayar mahaifinmu, kuma a kwana ukun nan na ji shaidu iri-iri a kanta. Wasu na ce musu amin da zuciya ɗaya. Wasu kuwa haɗiye su kawai na yi, don wurin makoki ba wurin musu ba ne.

Daga cikin gida matata ta kawo mini labarin matan garin Geza. Ta ce da suka shigo ba su ce mai daddawa ta rasu ba, cewa suka yi daddawa ta rasu. Ɗaya a cikinsu ta rantse tun tana amarya take sayen ta Gwaggo, ba ta taɓa tauna tsakuwa ba ko sau ɗaya. Wani masunci daga Kaoje, tsoho tukuf, ya zauna kusa da ni ya ce shekarar da ruwa ya kore su daga bakin gulbi Gwaggo ce ta ciyar da iyalinsa har suka koma, kuma kullum sai ta yi masa faɗa wai yana cin tuwo da gaggawa. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Mutanen ƙetaren iyaka kuwa tun ranar farko suka iso a kan babura, kafin ma a gama yi mata wanka. Can cikin Benin Gwaggo ta yi aure, ba ta dawo gida ba sai da mijinta ya rasu. Ƙanin mijin nata ne ya jagoranto su, dattijo mai Hausa haɗe da Dandanci. Bai yi dogon jawabi ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu in ɗiyanmu sunka tambaye mu ina gidan kakanninmu yake, wurin wa za mu kai su?"

Kafin in amsa masa, sai ga wata magana daga bayana, a hankali, daga bakin wani maƙwabcinmu da ya ɗauka ban ji ba.

"Allah shi jiƙan tsohuwa, amma ta wahal da mutane. Yanzu dai sai a sa mota a nome wurin ga, kowa shi huta."

Yayana yana gefensa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, carbinsa kawai ya ci gaba da ja. Maganar nan ce ta sa na ɗauki biro. Bayan sadakar arba'in dangi za su zauna a kan wurin da ake cewa a nome, kuma ina so kafin ranar a san wace ce ta tsare shi, da yadda ta tsare shi. Ina so a san har da ni a cikin waɗanda ta tsare shi daga gare su.

Wurin nan kufan tsohon garinmu ne. Yana kan tudu, tsakanin ƙauyenmu da iyakar Benin, tafiyar da mutum zai yi bayan la'asar ya je ya dawo kafin magariba. Baƙo zai wuce shi bai san ya wuce komai ba. Ganuwar da ta kewaye garin ta zube ta zama tudun ƙasa, wani wurin iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu, ɗan akuya ma ba ya ja da baya kafin ya tsallaka. A ciki akwai ɗorawa da kuka da kaɗanya, da ramukan marina da suka cike, da tsibin kashin maƙera, baƙin dutsen nan da ke saura in an narka tama, ga tsingaron tukwane ko'ina. A can aka haifi kakar Gwaggo. Tana budurwa garin ya watse, rabi suka gangaro inda muke, rabi suka yi yamma, da Turawa suka ja iyakarsu kuwa sai 'yan uwa suka wayi gari a ƙasa biyu.

Ƙofa biyu garin yake da su, ta gabas da ta yamma. Maƙabartarmu har yau tana bayan ƙofar yamma, inda na farko suke kwance. Ƙauyenmu kuwa a kudu yake, don haka ta kudu kowa ke haurawa. Shanu da babura sun sassaƙe ganuwar a nan sun yi mata giɓi, a taka a shiga, a yanke ta tsakiya, a fita ta yamma. Mai zuwa kasuwar iyaka nan yake bi, masu ɗauke da gawa ma nan suke bi. Mutum ɗaya ce ban taɓa ganin ta bi nan ba. Gwaggo sai ta zagaya ta cikin ƙaya har ƙofar gabas, wadda ba komai ba ce yanzu sai ɗan fili tsakanin tsamiya biyu, ta tsaya, ta yi sallama, sannan ta shiga. Da kaya a ka haka take yi, da ciwon gwiwa haka take yi, ko hadari ya haɗo haka take yi.

Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Shekarar da na fara koyarwa a firamare, ina ji da kaina, na raka ta ɗibar ɗorawa. Ni na taka giɓin na shige, na zauna a inuwa ina jiranta har ta gama zagayenta. Da na ji sallamarta sai na yi dariya.

"Gwaggo, wa kike jira ya amsa miki? Ƙadangaru?"

Ta ajiye kwando, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Babana, kai da ka yi boko. In ka ishe gidan mutane ba kowa, ta katanga kaka shiga?"

Na ce ai nan ba gida ba ne, daji ne.

"Daji na gare ka, don ba a gwada maka ba. Inda kaka zamne ɗin nan ɗakin wata mata na, ta haihi ɗiya bakwai nan. Tashi mata daga kan gado."

Na tashi, ban san lokacin da na tashi ba, ita kuwa ta kama ɗibar ɗorawarta kamar ba ta ce komai ba.

Washegarin ruwan farko na kowace shekara ranar Gwaggo ce. Ba ta dafa kalwa ranar, ba ta zuwa biki. Da hantsi za ta shiga kufai ta bi shi lungu-lungu ta ga abin da ruwa ya tono. Wani lokacin dutsen niƙa ne ya leƙo, wani lokacin bakin tulu mai zane, ko dutsen ado, ko ɗan nauyin mazari na masu kaɗi. Sai ta ɗauka, ta goge da bakin zane, ta juya shi ta ce na gidan wane ne, sannan ta mayar da shi daidai inda ta same shi ta ɗan rufe da ƙasa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kawowa gida ba. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya taɓa zuwa daga birni da baki mai zaƙi, ta ba shi ruwa ya sha, ta nuna masa hanyar da ya biyo. Da na tambaye ta me ya sa ba za ta adana su a ɗaki ba, cewa ta yi in an kwashe kayan gida an kai wani wuri, ba mai iya nuna gidan kuma.

Abin da ke ba ta haushi shi ne dutsen iyaka, ginshiƙin simintin nan da ke can gaba da kufai. Lokaci-lokaci jami'ai kan zo daga ƙasashen biyu su shafa masa fenti, su jeru su ɗauki hoto, su wuce ta cikin garin kakanninmu da motocinsu ko waiwaye babu. Takan ce, "Dutsen da kakata tag girme shi, shi aka yi wa kwalliya."

Sai ga jikanta, ɗan 'yarta, ya dawo daga karatu a Ingila. Ya kawo mata bargo mai laushi, ta taɓa ta ajiye. Abin da ya ɗauke mata hankali wata takarda ce mai hotuna da ta faɗo daga jakarsa. Ya ce a yankin karkarar da ya zauna ake buga ta, a jera wa baƙi tsofaffin wuraren da za su je gani. Ya riƙa nuna mata ɗaya bayan ɗaya: wani rusasshen gidan masu ibada da ba rufi, wata tsohuwar ma'aikatar niƙa da ruwa ke juyawa, wata gadar dutse. Duk ta gyaɗa kai kawai. Da aka zo hoton ƙarshe sai ta fizge takardar ta kai ta kusa da ido. Tudu ne kewaye da zubabbiyar ganuwar ƙasa, ciyawa ta rufe ta, tumaki na kiwo a kai.

"Wanga ai namu na. Su wa ka zamne ciki?"

"Ba kowa, Kaka. Sun mutu tun da daɗewa, ko sunayensu ba a sani ba."

"Ba a san sunansu ba, kuma ba a nome wurin ba?"

"Ba a nome ba. An killace shi, an kafa allo an rubuta labarinsa. Ranar hutu mutane kan kwaso 'ya'yansu su je su zagaya."

"Ta ina mutane ka shiga?"

Ya nuna mata wata 'yar ƙofar katako a gefen hoton. Ta juyo ta dube ni, ni da ke zaune a gefe.

"Ka gani ko? Ta ƙohwa."

Kada wani ya ɗauka sha'awar Turawa ce ta kama ta. Fushi ta yi, har ta kasa cin abincin rana. Ta ce su da ba su san ko sunan nasu ba sun kewaye musu wuri, ita da ta san namu gida-gida ita ake ce wa ta ruɗe. Ta nuna mu da yatsa, ni da jikan nata, ta ce, "Kun ɗauko musu wando, kun ɗauko musu agogo, wanga ɗai kunka baro can." Takardar kuwa ba ta koma hannun mai ita ba. Ta naɗe ta cikin leda ta sa a ƙasan adakarta, tare da likkafanin da ta tanada wa kanta.

Yanzu na zo inda ba na jin daɗin faɗa. Shekara biyu a jere ambaliya ta cinye mana shinkafar fadama. Rumbunanmu suka koma ɗakin kaji. Ba zan yi wa yayana ƙarya ba, yunwar gaskiya ce, na ga matarsa tana auna tsaba da murfin kwano. Tudun da ruwa ba ya kaiwa kuma ba a taɓa nomawa ba, kufai ne kaɗai, ga ƙasarsa baƙa wuluk saboda tokar mutanen da. Ni na fara kawo shawarar, ni na nemo mai tarakta. Ban gaya wa Gwaggo ba, don na san abin da za ta ce.

Ranar da motar ta iso, muka tarar da Gwaggo a cikin kufai, daf da giɓin kudu, ta kafa turmi tana surfen kalwa. Yadda aka yi turmin ya zagayo ta ƙofar gabas har nan, har yau ban sani ba. Mai tarakta, baƙo ne, ya danna mata ƙaho. Ba ta ɗaga kai ba. Ya kashe mota ya sauko ya tambaye mu, "Tsohuwar ga ta wa ce?" Yayana ya ce gwaggonmu ce. Mutumin ya dube mu ya ce shi ma yana da gwaggo, ya hau motarsa ya juya.

Magana ta kai gaban mai gari. Mata ba sa shiga zaurensa in ana shari'a, don haka a bakin ƙofa ta tsaya, dogare da sanda, takardar Ingila a hannu. Na yi bayani na malamin makaranta, da hujja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Wani matashin malami ya ƙara da cewa yi wa kufai sallama hanyar shirka ce. Shi ta fara amsa wa.

"Ɗana, ban taɓa roƙonsu ko allura ba. Ni ka roƙa musu gafara. Akwai gurbin masallacinsu can ciki, in ka samu lokaci ka taho in gwada maka alƙiblarsu, ka auna ta da taka."

Ta miƙa takardar, aka riƙa zagayawa da ita hannu-hannu, dattawa na jujjuya ta. Amma ba takardar ce ta ci shari'ar ba. A wurinmu ƙasa ta maza ce, itace mai 'ya'ya kuwa na mata ne, uwa ke bar wa 'ya. Ba a sare ɗorawar mace, ba a yanke mata saiwa, sai da yardarta. Gwaggo ta tsaya a bakin zauren ta lissafo ɗorawan kufai ɗaya-ɗaya, wadda ke bakin rijiya, wadda ke bayan marina, mai reshe biyu, ta faɗi wadda ta shuka kowace da yadda ta gangaro har hannunta. Ta ce garmar mota ba ta san saiwa ba, kuma ita ba ta yarda ba. Mai gari ya shafa gemu, ya ce al'ada tana bayanta. Muddin tana raye, mota ba za ta shiga kufai ba.

Na ji kalmar nan ta "muddin tana raye", kuma Allah ya yafe mini, a ranar daɗinta na ji.

Da yammacin ranar na same ta a kufai tana kwashe kalwarta. Ina cike da haushi, na zo giɓin, na taka na shiga, na taka na fita, na sake takawa na shiga, ina kallon idonta. Mutum da iyali, da gemu, ina tsalle-tsalle a kan ganuwa. Ba ta zage ni ba. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Daga ranar na zama Malam. In na gaishe ta sai ta amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙon da ya zo rigakafi. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Watanni aka yi a haka, duk gidan an lura, ba mai iya sa baki.

Gab da faɗuwar damina sai matata ta zo mini da saƙo. Gwaggo ta ce a gaya wa Malam gayaunarta ta tudu, wadda mahaifinta ya ba ta, ta bar musu ita, shi da yayansa, su shuka dawa. Ita ke nan gonar da take da ita a duniya. Na tambayi matata, ita kuma fa, me za ta ci? Ta ce ta tambaye ta, ta ce ɗorawa ba ta taɓa barin ta da yunwa ba.

Kunya ta rufe ni. Na tashi na nufi kufai, don na san washegarin ruwan farko ne. Da na iso giɓin sai ƙafata ta ƙi. Na juya na bi zagayen nan nata ta cikin ƙaya, sarƙaƙiya ta yage mini wando, na iso tsakanin tsamiya biyu na tsaya. Na waiga ko akwai mai ganina. Sannan na yi sallama, murya ƙasa-ƙasa, ina jin kaina wawa.

Daga can cikin ɗorawa aka amsa.

"Wa alaikumus salamu, Babana. Shigo."

Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ba ta da lokacin kuka, ruwa ya tono abubuwa da yawa bana. Ranar ta fara gwada mini garin. Nan rijiya, nan marina, nan maƙera, nan masallaci, nan gidan masaƙa, nan inda mata ke sussuka. Gida-gida take faɗin masu shi da inda jikokinsu suke yau, wane a ƙauyenmu, wane a Sharabi, wane a ƙetaren iyaka. In na yi kuskure sai ta buga sanda a ƙasa ta ce in koma ƙofa in faro. Na ce bari in kawo littafi in rubuta, ta ce in rubuta in na je gida, amma nan da ƙafa ake karatu. Damina shida muna haka. Da ƙafafunta suka gaza sai in ɗauko ta a babur har bakin tsamiya, amma ba ta taɓa yarda na shiga da ita a kai ba. Sai ta sauka, ta yi sallama, ta dafa kafaɗata mu taka.

Da hantsi ta cika, ranar wata Talata, bayan jinyar kwana biyar. Aka buɗe adaka don ɗauko likkafani, takardar Ingila ta faɗo daga cikinsa, 'yarta ta ɗauka ta miƙo mini. Aka yi mata salla a ƙofar gida, muka ɗauki makara, ni da yayana a gaba. Rana ta take, jama'a na sauri, aka miƙe hanyar da aka saba bi da kowace gawa. Da muka iso giɓin kudu sai na tsaya. Na baya suka yi karo da na gaba.

Yayana ya ce, "Mu tahi mana, rana na yi."

Na ce, "Yaya, ba ta taɓa tsallaka wurin nan da ƙafarta ba. Ba zan tsallaka da ita a kafaɗata ba."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce gaggauta gawa sunna ce, kuma gaskiya ya faɗa. Kowa ya zuba wa liman ido. Liman tsoho ne, ya san Gwaggo tun suna yara, ta sha yi masa gyara a kan hanyar nan. Ya dubi giɓin, ya dubi makara, ya ce, "Ku bi da ita ƙohwa. Ku ɗaga ƙahwa dai."

Yayana ne ya fara juyawa, wannan shaida zan yi masa ita ko'ina. Muka bi ta cikin ƙaya, manyan riguna na maƙalewa, masu takalma masu tsada na tsaki a ciki-ciki. Da muka iso tsakanin tsamiya biyu sai ƙanin mijinta, dattijon nan na ƙetare, ya ɗaga murya ya yi sallama. Ba wanda ya shirya haka. Na ji sallamar tana bin sahu har baya, mutum bayan mutum, har da matashin malamin nan. Muka ratsa da ita ta tsakiyar garin, ta gaban rijiya, ta gaban marina, ta gaban masallaci, ta ƙofar ɗakin kakarta, muka fita ta yamma muka kwantar da ita kusa da nata. A nan na yi kukan da ban yi ba a gida. Allah ya yi mata rahama, ya buɗe mata ƙofar da ta fi wadda ta tsare, ya sa a amsa mata sallama da mafi kyawunta.

To, ga abin da zan faɗa ranar zaman dangi, na rubuta shi tun yanzu don kada a ce an shammace ni ko na shammaci wani. Hukuncin mai gari ya ƙare da numfashinta, na sani. Yunwa ma na san ta, ba labari aka ba ni ba. Rabona na gayaunar da ta ba mu na bar wa yayana duka, ya noma, Allah ya sa albarka. Ɗorawan kufai sun koma hannun 'yarta, kuma ta ce in faɗa da bakinta cewa ba ta yarda a taɓa saiwa ko ɗaya ba. Allo kuma za mu kafa a bakin tsamiya, da Hausa, da boko da ajami, ba sai wani ya zo daga wata ƙasa ya gaya mana wurin yana da daraja ba.

Maƙwabcinmu da ya ce a nome kowa ya huta, ban riƙe ka a zuci ba, amma ina gayyatarka. Gidan kakan kakanka shi ne na uku in an wuce rijiya, hannun dama, dutsen niƙan matarsa yana nan rabi a binne. Ka zo in nuna maka, ka tsaya a tsakar gidan, sannan ka maimaita maganarka in za ka iya. Dattijon ƙetare kuma da ya tambaye ni wurin wa za su kai ɗiyansu, ga amsar da na kasa ba shi a kan tabarma: ku kawo su wurina.

In kuma duk da haka aka ce sai mota ta zo, to ta zo. Turmin Gwaggo yana ɗakina, na kuma san daidai inda ake kafa shi. Wanda ya zo da niyyar gani kuwa, daga nan ne ko daga ƙetare, kada ya taka giɓin kudu. Ya zagaya ta cikin ƙaya kamar yadda ta zagaya shekara da shekaru, ya tsaya tsakanin tsamiya biyu, ya yi sallama. Ina ciki, zan amsa.